Ƙyallayen Taiba da Ɗakin Gwaggo

Akwai wata mata a Talata Mafara mai suna Taiba, wadda Allah ya yi wa baiwar ɗinki. Ƙyallayen da teloli ke zubarwa take tarawa, ta yanka su, ta haɗa su da allura da zare, su zama bargo mai launi iri-iri. Tana kuma yi wa zanen gado kwalliya da zare, har amare na neman aikinta.

Sai dai Taiba na da hali guda. Ba ta iya zubar da ƙyalle, kuma ba ta gama wani aiki kafin ta fara wani. Duk ranar kasuwa sai ta aika a kwaso mata buhun ƙyallaye daga wurin teloli. Tun tana turawa ƙarƙashin gado, har suka cika ɗakin baƙi, ƙofar ma da ƙyar take buɗuwa.

Mijinta Abdulhamid mutum ne mai haƙuri. Wani lokaci zai dawo daga gona ya tarar tuwo bai sauka ba, Taiba na kan tabarma tana cewa, "Baban Farida, bari in ƙarasa layin nan kawai." Sai ya yi murmushi ya zauna. 'Ya'yansu, Farida da Surayya, su ma sun saba tafiya makaranta da kitson da ya kwance.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Birnin Tudu. Gwaggo, ƙanwar mahaifin Abdulhamid wadda ta raine shi tun yana maraya, yanar ido ta rufe mata gani. Za a yi mata aiki a asibiti, kuma dole ta zauna a gari har ta warke.

"Sai a gyara mata ɗakin baƙi," in ji Abdulhamid.

Taiba ta yi saurin cewa, "Ko dai a yi mata shimfiɗa a ɗakin yara? Kayan nan duk ina da aikin da zan yi da su."

Abdulhamid ya dube ta. Sannan ya ce, "Taiba, ban taɓa sa hannu a kayanki ba, kuma yau ma ba zan sa ba. Amma matar nan ita ta goya ni. Ki yi tunani." Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci.

Maganar ta tsaya mata a rai. Washegari da hantsi ta buɗe ɗakin, ta fara jawo buhunan zuwa tsakar gida. Na ƙasa duk gara ta cinye su, wasu ɓera ya yi sheƙa a ciki. Abin da take tattali shekara da shekaru ya koma tsumma.

Can a ƙasan wani buhu ta ci karo da wani ɗan ƙaramin bargo, rabi a ɗinke, allura na soke a jikinsa har ta yi tsatsa.

Surayya ta leƙo. "Mama, wannan na waye?"

"Naki ne," in ji Taiba a hankali. "Na fara shi lokacin ina da cikinki."

Yarinyar ta ɗora shi a kafaɗa, bai ko kai ƙugunta ba. Ta yi ta dariya. Taiba ma ta yi dariya, amma idonta ya cika da ƙwalla.

Ranar ta yanke shawara. Abin da ya lalace ta ƙone. Ta ware aikin da ta tabbata za ta gama. Sauran kuwa, masu kyau da yawa, ta kira maƙwabciyarta Murja, wadda ba ta daɗe da tasowa daga Kaya ta ƙasar Maradun ba, kuma ba ta da sana'a.

"Murja, ki kwashe waɗannan. In kina so, ki riƙa shigowa bayan azahar in nuna miki yadda ake haɗawa."

Murja ta riƙe baki. "Yaya Taiba, duka? Allah ya saka da alheri, Allah ya raya zuri'a."

Aka share ɗakin, aka shafa farar ƙasa, aka turara shi. Da Gwaggo ta iso, ta shafa bango da hannu, ta shaƙi ƙamshi, ta ce, "Ɗakin ga akwai iska. Allah shi yi albarka."

Daga nan Taiba ta sa wa kanta ƙa'ida. Ba ta taɓa allura sai yara sun karya sun tafi makaranta da kai a gyare. In aka kira magariba, ta naɗe aiki. Kuma ba ta fara sabo sai ta gama na hannu.

Abin mamaki, ɗinkin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Hannun Murja ya faɗa da wuri, har suka riƙa raba aikin amare tsakaninsu. Farida ta koyi zura zare. Gwaggo kuwa, da idonta ya buɗe, sai ta zama mai zaɓa musu launi, tana ba su labarin atamfofin zamaninta suna dariya. Abdulhamid kan dawo ya tarar da gida a share, tuwo a rufe, hira na tashi a gindin darbejiya.

Da Gwaggo ta warke za ta koma, Taiba ta ɗora mata babban bargo a cinya, na farko da ta kammala tun bayan gyaran.

An ce a Birnin Tudu mata sun yi ta zuwa kallonsa. Wata ta tambaya, "Gwaggo, matar Abdulhamid ce ta yi wanga aiki?"

Tsohuwar ta gyara zama ta ce, "Ɗiyata ta yi shi. Abdulhamid shi ne surukin."

Darasi: Sana'a abin alfahari ce, amma kada ta cinye wurin mutanen da muke yin ta dominsu. Abin da ka tara ba ka amfani da shi, gara ce za ta ci. Wanda ka bayar kuwa, alheri yake jawowa. Mu rage tarkace a ɗakunanmu, mu ba iyali lokacinsu, mu gama abin da muka fara. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai mai ɗakin da ke jiran a buɗe shi.