Yadda Mahfuza Ta Goge Humrar Umma

Mahfuza mace ce mai kirki da sakin hannu, sai dai Allah Ya yi ta da gaggawa. Idan ta ɗora shayi, kafin ya tafasa ta juye shi a kofi. Idan lif ya yi jinkirin minti ɗaya, sai ta bi matakala, ta isa hawa na huɗu tana haki, ta tarar lif ɗin ya riga ta. Shekararta shida a Dubai tana saro abayoyi da jakunkuna a kasuwar Naif tana tura wa matan Kano ta kago. Ita da yayarta Sa'adiyya suke zaune a wani ɗan gida a unguwar Al Karama.

Mahaifiyarsu, Umma, ta yi suna a unguwarsu wajen haɗa humra, turaren nan da mata ke shafawa ya kwana uku a jikin tufa. Ba ta taɓa rubuta yadda take haɗawa ba. Sa'adiyya ƙamshi mai ƙarfi yana sa mata ciwon kai, don haka Mahfuza Umma ta zaɓa ta koya wa. Amma ina Mahfuza ina zaman awa biyu a gaban turmi? Ranar da aka zauna koyon, sai ta jingina wayarta da bango ta ɗauki komai a bidiyo, ta ce za ta kalla idan ta koma Dubai. Da ta koma ta juye shi a tsohuwar kwamfutarta, ta sayar da wayar. Ko suna ba ta sa wa bidiyon ba, yana nan da lambobin da waya ta ba shi. Bayan shekara guda Umma ta rasu. Abin da ya rage na humrarta a duniya shi ne kwalba ɗaya a jakar Mahfuza, sai kuma wannan bidiyo.

Sa'adiyya ta yi magana har ta gaji. "Ki sa masa suna, ki kwafe shi a filash. Aikin minti biyar ne fa."

"Gobe, Yaya, inshallah," in ji Mahfuza. Goben nan ta shekara biyu ba ta iso ba.

Wata Litinin da hantsi Mahfuza ta shiga wani shagon turare a unguwar Deira. Balarabiyar da ke da shagon ta tsaya cak, ta ɗaga hanci, ta zagayo daga bayan kantar shagon ta kama gefen mayafin Mahfuza ta sansana.

"Habibti, 'yar uwa, wannan wane turare ne? Shekarata talatin a harkar nan ban ji irinsa ba."

Mahfuza ta ce haɗin mahaifiyarta ne, kuma sirrinsa yana hannunta. Nan take matar ta ce ta kawo mata kwalba goma ranar Alhamis. Idan ƙamshin ya zo daidai da wannan, za ta ware mata kanta guda a shagon, a rubuta sunan Umma a jikin kowace kwalba.

Wai, zo ka ga murna. Mahfuza ta zaro waya ta shiga ɗaukar shagon lungu-lungu, da fitilunsa da kwalabensa da kantar da aka nuna mata, ta fita ta ɗauki layin masu turaren sandal da miski, har sai da wayar ta ce ba wuri. A jirgin ƙasa ta kasa zama. Tun daga bakin ƙofa take kiran yayarta.

"Yaya, sunan Umma zai hau kanta a Dubai! Yau ɗin nan zan saki talla."

Sa'adiyya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ji labari, hawayen daɗi ya zubo mata. Mahfuza kuwa ko mayafi ba ta cire ba ta buɗe kwamfuta ta jona waya don ta juye sababbin bidiyon ta haɗa talla. Kwamfutar ta ƙi. Ma'ajiyarta ta cika maƙil, layin da ke nuna wuri ya yi ja daga farko har ƙarshe. Ba mamaki, shekara shida ana tura mata hotunan jakunkuna da bidiyon abayoyi, ba a taɓa share ko ɗaya ba.

"Bari in sauke tukunya mu duba tare," in ji Sa'adiyya. "Bidiyon abayoyin bara ne za su tafi, amma sai an buɗe kowanne an gani. Minti goma kawai."

Minti goma a wurin Mahfuza wata guda ne. Ta tuna wata dabara da ta taɓa ji, wai a jera fayiloli bisa girmansu, a kawar da manyan. Ta jera. Guda ashirin na sama duk lambobi ne, babu mai suna. Ta haɗa su gaba ɗaya ta danna gogewa. Layin bai daina ja ba, sai ta shiga kwandon sharar kwamfutar ta zazzage shi. Wata tambaya ta fito a fuskar allon, tana son ta tabbatar. Mahfuza ta amsa kafin ta karanta. Layin ya koma shuɗi, ta yi tafi ita kaɗai, ta tura sababbin bidiyon suka shige har suka kusa sake cika wurin.

"Khalas, Yaya, ci gaba da girkinki. Na gama."

Kafin la'asar talla ya fita. Saƙonni suka yi ta shigowa daga Kano da Kaduna da Maraɗi, tsofaffin masu sayen humrar Umma suna sa albarka, suna cewa a ajiye musu. Mahfuza tana karantawa da ƙarfi tana zagaya ɗaki.

Washegari da safe ta ɗauko biro da takarda, ta zauna za ta kalli bidiyon Umma karo na farko, ta rubuta kayan da za ta sayo. Ta duba inda ta san yake. Ta duba ko'ina. Ta buɗe kwandon shara, fayau. Sai a lokacin ta tuna cewa bidiyon awa biyu dole ya fi kowane fayil girma, shi ne na farko a jerin jiya. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Sa'adiyya ba ta yi faɗa ba. Ta ce mata ta rufe kwamfutar, suka ɗauke ta sai Naif, wurin Mahamadou, wani mutumin Damagaram mai gyaran kwamfuta a saman wani shagon takalma.

"Hajiya, bayan kin goge, kin zuba wani abu a ciki?" Ita ce tambayarsa ta farko.

Mahfuza ta ce ta zuba, da yawa ma.

Mahamadou ya cire tabarau ya murza ido. "To, nan matsalar take. Abin da aka goge ba ya tafiya nan take. Kamar shago ne da aka cire sunan mai shi, kayan suna ciki har sai sabon mai haya ya shigo da nasa. Da jiya kika kawo ta kafin ki zuba komai, da na fiddo miki shi cikin awa guda. Amma dai zan gwada."

Suka zauna awa uku a kan benci. Mahfuza ba ta taɓa zama wuri ɗaya haka ba. Da ya kira su, bidiyon abayoyin bara guda shida sun dawo lafiya lau. Na Umma kuwa sababbin bidiyon shagon sun hau kansa, ɗan guntu ne ya tsira, bai kai minti ɗaya ba.

Ya kunna. Ga hannuwan Umma da lalle, ga ƙaramin turminta. Sai muryarta ta fito tar.

"Mahfuza, ki bar wayar nan ki zo ki zauna kusa da ni. Abin nan da hanci ake koyonsa. Wai ina kike sauri ne?"

Daga can gefe wata murya ta amsa, muryar Mahfuza ce. "Umma, ki ci gaba kawai. Zan kalla daga baya."

Hoton ya tsaya a nan. Mahfuza ta kifa kai a kan teburin mai gyara ta yi kuka, kukan da ko ranar rasuwar ba ta yi irinsa ba.

Ta gwada haɗawa da ka, sau uku cikin kwana biyu. Ranar Alhamis Balarabiyar ta ɗiga a bayan hannunta, ta sansana.

"Yana da daɗi, habibti. Amma ba shi ba ne."

Mahfuza ta sauke tallan da hannunta. Kwalbar Umma tana nan, saura kamar rabin yatsa a ciki. Ta daina shafawa. Wani lokaci takan buɗe ta sansana, ta yi maza ta rufe.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gaggawa tana iya raba mutum da abin da ba zai sake samu ba. Idan ma'ajiyar kwamfutarka ta cika, ka buɗe kowane abu ka gani kafin ka goge, ka sa wa abu mai daraja suna, ka ajiye kwafinsa a wani wuri tun yau. Idan kuma ka yi kuskuren gogewa, ka dakata, kada ka zuba komai sai masani ya duba. Sama da duka, idan iyayenka suka ce ka zo ka zauna su koya maka wani abu, ka zauna tun suna nan.