Gyaɗar Zakari da Albashin Tanimu

Akwai wani mutum a Zinder mai suna Tanimu, 'yan shekaru kafin a samu 'yancin kai. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya samu aikin awon gyaɗa a kantin wani Bature a unguwar Zango. Duk ƙarshen wata albashinsa na hannu, har ya sayi keke.

Wansa Zakari kuwa manomi ne a ƙauyen Tirmini.

Wata kaka Zakari ya ɗoro gyaɗarsa a jakuna ya kawo kanti. Tanimu ya yi kamar bai san shi ba. Ya damƙi gyaɗar ya watsar.

"Rabinta ƙasa ce. Rabin kuɗi za a ba ka."

"Tanimu, ni kake gaya wa haka a gaban mutane?"

"Nan wurin aiki ne. Abin da kake wahalar shekara a kansa, ni a wata ɗaya nake samun sa."

Zakari ya karɓi abin da aka ba shi ya kora jakunansa. Tun daga ranar bai sake shuka gyaɗa ba, sai gero, yana cika rumbu.

Bayan shekara biyu ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Hatsi ya ɓace a kasuwa. Albashin Tanimu ko kwana goma ba ya kai gidansa. 'Yarsa Wasila ta rame har ba ta iya kuka.

Ya hau keke sai Tirmini. Duk gidan da ya shiga da kuɗi a hannu, sai a ce babu na sayarwa. Duk sun taɓa tsayawa gaban ma'auninsa.

Daga ƙarshe ya durƙusa a ƙofar Zakari.

"Yaya, ko nawa ne zan biya."

"Mayar da takardun kuɗinka aljihu. Ba a dama su da nono."

Zakari ya hau rumbu ya sauko da dami uku.

"Na Hajara matarka ne da yara. Kai kuma kada ka sake kira na yaya."

Wasila ta rayu. Tanimu ya sayar da keken ya sayi hauya, amma har Zakari ya rasu bai ƙara cin tuwo a kwano ɗaya da shi ba.

Darasi: Samu ba yawan abin da ke shiga aljihu ba ne, abin da zai ciyar da iyalinka ranar wuya ne. Kada albashi ya sa ka wulaƙanta wanda guminsa ke ciyar da kai. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.