Gurnanin Mota a Gangaren Makera

An ce wai a Tudun Iska, wani gari na kan dutse, an yi wani alƙali mai suna Malam Haladu, mutum mai ƙarancin magana da yawan tambaya. Hanya ɗaya ce ke sauka daga garin zuwa ƙauyen Gindin Dutse, doguwar gangara mai kwana-kwana da ake kira Gangaren Makera. Direbobin hanyar suna da wata al'ada. Da sun kai bakin gangara sai su cire giya su saki mota firi, don kada su ƙona mai. Motar ta yi ta zurarowa shiru, ƙafa a kan birki, ƙauri na tashi. Da yawa sun isa ƙasa lafiya. Motocin waɗanda ba su isa ba suna nan cikin kwazazzabo, sun yi tsatsa.

Mutum ɗaya ne bai bi al'adar ba, Mato, mai wata babbar mota mai bodin katako da yake dakon dankali da ita. Shi tun daga sama yake sa giya lamba biyu, ya bar inji ya riƙe motar. Tana saukowa tana gurnani, ana jin ta tun daga kwanar farko. 'Yan tasha suna yi masa dariya, suna cewa motar Mato kuka take yi don an raba ta da dutse. Matarsa Yalwa kuwa, a gidansu na Gindin Dutse, da ta ji gurnanin sai ta ɗora miya, don ta san kafin ya iso ta yi zafi.

Suna da ɗa ɗaya, Sallau, wanda ya koyi tuƙi a gefen ubansa. Da ya zama saurayi ya bi manyan motoci zuwa ƙasashen nesa, labarinsa ya yanke. Mato ya rasu bai sake ganinsa ba. Motar ta koma hannun Nomau, ƙanen Mato, mai sakin ta firi kamar kowa. Idanun Yalwa suka mutu.

Wata shekara wani baƙo ya zo ya ce shi ne Sallau. Ya san sunan kowa da tarihin gidan, domin babu abin da ba a faɗa a tasha. Yalwa ta karɓe shi da kuka. Ya ci ya sha wata guda, sannan ya ɓace da awakinta. Daga ranar ta daina tambayar matafiya.

Sai ga wani kuma, bayan shekaru fiye da ashirin da tafiyar ɗanta. Furfura ta fito masa, gefen fuskarsa tabon wuta ne, muryarsa ta dushe. Ya yi sallama a ƙofar gida ya ce, "Inna, ni ne."

Daga ciki ta amsa, "An taɓa zuwa mini da wannan maganar. A ba shi ruwa ya wuce."

Nomau ya kore shi. Mutumin ya hau Tudun Iska ya kai ƙara.

"Allah ya gafarta Malam," in ji shi, "ba mota na zo nema ba, ba gida ba. Baffa ya riƙe. So nake ta yarda in zauna a tsakar gida in gaishe ta."

Nomau ya ce, "Kada ka kira ni baffa. Wancan ma da baffa ya fara."

Alƙali ya ga tambaya ba za ta raba gardamar ba, tunda maƙaryaci ma ya amsa ta daidai. Tsofaffin da aka kira suka duba fuskar, wasu suka ce akwai kama, wasu suka ce babu. Sai ya ɗage zama, ya sauka Gindin Dutse shi kaɗai ya sami Yalwa.

"Gwaggo, da me za ki gane shi?"

"Da babu, Malam. Ido ya tafi, murya kuwa kowa na iya aro." Ba ta ambaci sunansa ba, kamar yadda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Na daina jiran yaron. Abin da ya rage mini shi ne yamma. Motar mai gidan tana nan, kullum tana wuce ƙofata, amma tun da ya rasu ba ta ƙara magana ba."

Alƙali ya tambaye ta abin da take nufi, ta gaya masa. Ya yi mata sallama ya koma.

Ranar kasuwa, Nomau ya hau da motar ya yi lodin dankali. Alƙali ya kira shi da mai ƙara, ya yi ta jan zaman da ƙananan tambayoyi har rana ta yi ƙasa. Sannan ya dubi mai ƙara ya ce, "Ga motar Mato. Kai za ka tuƙa, ni da Nomau muna gefenka. Idan ka kai mu ƙofar Yalwa kafin kiran magariba, zan sa ta saurare ka. Idan ladan ya riga ka, ba ni da abin da zan yi maka."

Mutumin ya dubi rana. Ya dubi lodin, buhu kan buhu har ya wuce katako. Ya shiga ya tayar.

A kan tudu ya yi gudu iyakar ƙarfin motar. Amma da suka doso bakin gangara sai ya rage, ya taka kuloci, ya ɗan ba ta wuta, ya sa lamba biyu, ya ɗage ƙafarsa. Motar ta sunkuya cikin gangaren tana gurnani.

Nomau ya yi dariya. "Allah ya gafarta Malam, ka ga ɗa? Wanda ya yi shekaru bai ga uwarsa ba, ai da fiffike zai sauka. Wannan ko jakin mai itace ya fi shi zumuɗi."

"Rana tana faɗuwa," in ji alƙali.

"Ina ganinta, Malam."

"Ba za ka sake ta ba? Kowa saki yake yi."

"Da wannan lodin, in na sake ta, birki kaɗai zai riƙe mu. Kafin tsakiyar gangara ya yi zafi, in taka in ji fayau. Lokacin kuma ta riga ta ɗauki gudu, giya ba za ta shiga ba. Giyar da aka hau da ita, da ita ake sauka, kuma tun daga sama ake sa ta. Birki na kwana ne, a taɓa a saki."

"Wa ya gaya maka haka?"

Mutumin ya karya sitiyari, idonsa a kan hanya. Daga wata kwana ana hango ƙauyen ƙasa, rufin kwano da hayaƙin girki. Alƙali ya ga idon mutumin ya tsaya a kan wani gida, ya ga hannunsa ya kai kan giya ya daɗe a wurin. Wata ƙaramar mota ta zuraro ta wuce su shiru, yaranta suna yi musu ihu. Mutumin ya mai da hannunsa kan sitiyari.

Suna kwanar ƙarshe ladan ya kira salla.

Ya tsai da motar a ƙofar gidan, ya kashe, bai sauko ba. Nomau ya diro yana cewa, "Magana ta ƙare. Kowa ya ji ladan."

"Ku biyo ni," in ji alƙali.

Suka yi sallama suka shiga. Yalwa tana durƙushe a gaban murhu tana hura wuta, tukunyar miya a kai, ta fara tafasa.

Alƙali ya ce, "Gwaggo, jikokin Nomau sun ce mini kullum tun la'asar kike cin tuwonki. Wa kika ɗora wa miya?"

Ta tsaya. Ta kai hannu ta taɓa tukunyar, kamar mai son tabbatarwa.

"Malam, ban san na ɗora ba."

Alƙali ya juya ga Nomau. "Wa'adin da na sa tarko ne, kuma ni na ja zaman don lokaci ya ƙure. Maƙaryaci ba shi da abin kamawa sai wa'adina, da ya saki mota ya cika shi, ko ya kashe mu a hanya. Labarin gida ana tsintarsa a tasha. Wannan saukar kuwa babu mai koyar da ita a tasharku, dariya kuke yi mata. Mutumin nan ya ga zai rasa abin da ya zo nema, ya ƙi sakin abin da aka koya masa. Hannu ɗaya ne ya koyar da haka a wannan dutse, kuma ga kunnen da ya shaida. Sallau ne ɗan Mato."

Nomau ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Man da ya ƙona dai, ni zan saya."

Sallau ya durƙusa nesa kaɗan da murhu ya ce, "Inna, na same ku lafiya?"

Ta juyo wajen muryarsa. Sannan ta laluba ta ɗauko kwano.

"Kai ma ka makara, kamar ubanka. Je ka yi salla ka zo, kada ta huce."

An ce daga ranar, duk yammar kasuwa ana jin gurnani daga kwanar farko, hayaƙi kuma yana tashi a gidan Yalwa. Masu hikima suka ce: mai doguwar gangara a gabansa tun daga sama yake zaɓar giya, kuma wanda ya daɗe yana begen gida, isa yake nema, ba sauri ba.