Gida Ne ko Akwati?

Da na yi ritaya, sai na sayi gidan kwantena, irin wanda ake kawowa a mota a ɗora kan harsashi. 'Yan unguwa suka sa mini suna Uwani Mai Akwati.

Ran nan Malam Ɗanjuma, jami'in tsara gari, ya zo da gwangwanin jan fenti na yi wa gidan da za a rushe alama.

Ya ce, "Hajiya, babu izini sai na ga harsashin da ke ƙarƙashinsa. Gidan da ba izini kuwa ba a ɗaga shi. Ki nuna mini yau, ko gobe a rushe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me kuke rushewa?"

"Gini mara izini."

"Me ke mai da abu gini?"

"Harsashi mana."

"To, in ka ce gini ne, ka shaida harsashinsa ke nan, sai ka sa hannu. In ba ka gani ba, akwati ne. Akwai dokar da ta hana tsohuwa mara wayo kwana cikin akwati?"

Ya dubi fentin, ya dube ni, ya zaro biro.

Izini dai na samu. Amma maƙwabta sun ji na ce akwati da bakina. Yanzu sunan nan nawa ya fi gidan ƙarfin harsashi.