Gwangwanin Likitan Unguwa

An yi wani mutum mai gyaran rediyo, a wata unguwa da ba zan faɗi sunanta ba. Shi ma ba zan faɗi nasa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba, a sahun gaba yake salla. In labarin ɓarawo kuke jira, to ku gyara zama, wannan zunubin ya fi kusa da mu.

Kafin ya koyi gyaran rediyo, ya yi shekara biyar yana ɗaukar kwalaye a ɗakin ajiyar magani na wani asibiti. Dako ne aikinsa, ba ƙari. Amma kunnensa ya tsinci sunayen magunguna, ya iya furta su da muryar ma'aikata. Wata rana maƙwabcinsa ya yi ciwon kai, ya ba shi ƙwaya biyu, kai ya sauka. Cikin raha aka ce masa Likita. Wasa-wasa suna ya bi shi, shi kuwa bai taɓa cewa a daina ba.

Ya 'yan uwa, kun san halinmu, kada kowa ya sunkuyar da kai tukuna. Zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum, a ba shi maganin kwana uku, ya sha na kwana ɗaya, jiki ya yi sanyi, sai ya ce ya warke, ya tura sauran ƙarƙashin matashi. To, wannan ragowar ce Likita yake bi gida-gida yana karɓa. Cewa yake zubarwa almubazzaranci ne, a kawo a taimaki wani.

Yana da wani babban gwangwanin madara a kan kanta, tsakanin matattun batura da tarkacen wayoyi. Sai ya ɓare ƙwayoyin daga ledarsu ya zuba su wuri guda don su fi shiga. Babu suna, babu ranar lalacewa. Da launi yake gane su: fara ta ciwon kai ce, rawaya ta zazzaɓi, mai ja da baƙi ta ciki.

Ko sisi ba ya karɓa, shi ya sa muke ganinsa mutumin kirki. Ashe yana karɓar abin da ya fi kuɗi daɗi a ransa. Akwai benci a ƙofar shagonsa inda maza ke zama da la'asar, kuma duk wanda ya zo sai ya ce, "Likita, barka da aiki." Wannan gaisuwar ita ce ladansa. Ita yake ci, ita yake sha.

Yana da 'ya, autarsa, 'yar shekara bakwai. Auta ake ce mata. In ta taso daga makaranta shagon take wucewa, ta hau kujera tana lilo da ƙafa. Allah Ya ba yarinyar nan kunne. Uban zai gama gyara ya kunna, sai ta karkata kai ta ce, "Baba, da saura, tana shaƙewa." Ya sake buɗewa, ya tarar da gaskiyarta. Har alfahari yake yi wa 'yan benci, wai rediyon da Auta ba ta saurara ba, ba ta fita daga shagonsa.

Cikin damina, ran wata Litinin, Auta ta dawo tana rawar ɗari, jikinta kamar garwashi. Uwarta ta ce, "Maigida, mu kai ta a gwada jininta." Ya dube ta sheƙeƙe. "Ni da ake kawo wa 'ya'yan mutane, in ɗauki tawa in je in bi layi?" Ya je shago ya jawo gwangwani, ya zaɓo fara da rawaya.

Zafi ya sauka. Ya ce, "Kin gani?" Kafin magariba zafi ya dawo, ya fi na farko. Ran Talata ya ƙara mata. Ran Laraba ta fara amai, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Yayarsa ta zo duba ta, ta ɗaga fatar idon yarinyar, ta juyo ta ce, "Kai, ka ji tsoron Allah. Ni na goya ka, ban san ranar da ka zama likita ba. Ɗauki 'yar nan."

Kuma ya ɗauke ta, jama'a. Ku riƙe wannan. Ya saɓa ta a kafaɗa ya fito, da niyyar asibiti. Amma hanyar asibitin ta gaban shagonsa ta bi, kuma la'asar ce, benci ya cika. Wani daga cikin mazauna ya ɗaga murya yana dariya, "A'a, Likita, ina zuwa da Auta? Ko dai ciwon ya fi ƙarfin gwangwani ne?"

Ya tsaya. Numfashin 'yarsa mai zafi yana dukan wuyansa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tsira, ya ce "E" ya wuce. Sai ya yi murmushi ya ce, "Haba dai. Iska na fito da ita ta sha." Ya zagaya da ita bayan shago, ya mayar da ita gida.

Me ya mayar da shi? Talauci ne? Asibitin da ƙafa ake zuwa. Jahilci ne? Zuciyarsa ta riga ta gaya masa gaskiya, ai shi ya sa ya fito. Kunyar mutum shida a kan katako ce ta fi masa nauyi a kan 'yar da ke kafaɗarsa.

Ran Alhamis bayan azahar Auta ta fara jijjiga, idanu suka kakkafe, haƙora suka datse. Wannan karon uwar ba ta nemi izini ba. Ta goya ta, ta fita a guje ko takalmi babu, ta gaban bencin nan. Yayar ta shiga shago ta sungumi gwangwanin ta bi ta. Uban ne na ƙarshen bin su.

Gwajin jini bai ɗauki minti ashirin ba. Zazzaɓin cizon sauro ne, ya riga ya hau ƙwaƙwalwa. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi abin da aka ba ta. Mutumin da ke furta sunayen magani kamar karatu ya buɗe baki ya ce, "Fara biyu, rawaya ɗaya." Yayar ta juye gwangwanin a kan tebur. Ma'aikaciyar ta sa bakin biro tana warewa. Ga na hawan jini, ga wanda ya narke ya manne da ɗan uwansa, ga wanda ita kanta ba ta gane ba. Ta ɗago ta ce, "Baba, wane likita ne ya haɗa maka wannan?"

Ya ce mini da bakinsa, a lokacin ya roƙi ƙasa ta tsage ya shige.

Auta ta yi kwana tara ba ta san inda take ba, sannan Allah Ya tashe ta. Aka yi ta hamdala. Sai uwar ta kira ta daga bayanta, ba ta juyo ba. Faranti ya suɓuce ya faɗi a gefen gadonta, duk ɗakin aka zabura, ita ko ƙiftawa. Ciwon ya tafi da jinta.

Bayan wata biyu ta koma shagon, ta hau kujerarta. Uban ya gama gyara wata rediyo, ya kunna, ya murɗa har ƙarshe. Duk layin ana jin ƙararta. Auta ta karkata kai kamar yadda ta saba, ta jira, ta jira. Sannan ta ce, "Baba, wannan ba ka gyara ta ba. Ba ta magana."

Daga ranar bai sake buɗe shagon ba. Matarsa tana gidan, tana dafa masa abinci, amma daga gaisuwa ba ta ƙara komai. Ba ya zuwa sahun gaba. In wani yaro ya manta ya ce masa Likita, sai ya tsallaka titi.

Ya 'yan uwa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Malamanmu kan ce "ban sani ba" rabin ilimi ce, shi kuwa girman kai ya hana shi faɗinta sau ɗaya. 'Ya'yanmu amana ce, ba wurin gwajin ƙwaya ba. In jiki ya yi zafi, a je a gwada jini tun ranar. In an ba da magani, a shanye shi duka. Wanda ba a rubuta maka ba, kada ka sha, kada ka ba wani.

Amma kada ku tashi kuna tsine masa. Wa ya cika gwangwanin? Mu ne, da ragowarmu. Wa ya raɗa masa sunan? Mu ne, don ƙyuyar bin layi. Kuma tun ɗazu nake kewaye-kewaye, bari in faɗa. Mutumin da ya ɗaga murya daga benci ya yi masa ba'a, ni ne. Ni da ke tsaye a gabanku. Na ga kan yarinyar yana reto a kafaɗarsa, maimakon in tashi in ce mu je in raka ka, sai na nemi a yi dariya. Kuma an yi.

Har yau in na haɗu da Auta a hanya takan durƙusa ta gaishe ni. Ina amsawa, ba ta ji. Wallahi ban taɓa iya haɗa ido da ita ba.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya yafe masa, Ya yafe mini, Ya musanya wa yarinyar nan da abin da ya fi wanda ta rasa. Allah Ya ba mu ikon cewa ba mu sani ba tun da sauran lokaci. Allah Ya kiyaye mu da 'ya'yanmu. Amin.