Tagar da Aka Toshe a Ƙofar Dumi

An yi wani mutum a nan Bauchi, wajen Ƙofar Dumi. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya taɓa ɗinki ya watsar, ya taɓa acaɓa ya watsar, daga ƙarshe ya sayi tukwanen shisha ya jera a shagon da ke jikin gidansu. Bayan bangon shagon ɗakin mahaifiyarsa ne, Hajja, tsohuwar da ta tashi a ruga wajen Zungur, ta dawo gari saboda ɗanta ya ce zai riƙe ta.

Ana nan sai hukuma ta ƙara wa tabar shisha haraji, ta ce kuma duk mai wurin sha sai ya yanki lasisi. Farashi ya tashi. Wasu samari suka rage sha, wasu shagunan suka rufe. Dama abin da ake nema ke nan. Shi kuwa gogan naku sai ya hango kasuwa. In bai biya ba zai sayar da araha, duk wanda tsada ta koro sai ya faɗo wurinsa. Haka kuwa aka yi.

Damuwarsa ɗaya ce, ƙamshi. Lungun matsattse ne, kowa ya wuce sai hancinsa ya gaya masa. Ya kira magini ya toshe tagar da ke kallon hanya da bulo. Kurfotin hura gawayi ma ya shigo da shi ciki. Da hayaƙi ya ishi masu sha, sai ya hau kujera ya ɓalle silin falle biyu, ya ce ai sama zai tafi.

Ya 'yan uwa, wane sama? Rufin kwano ɗaya ne ya rufe shagon da ɗakin Hajja, kuma silin ɗinta ya daɗe da huhhujewa.

Kuɗi suka shigo, kwanciyar hankali ta fita. Babur ya tsaya, ya leƙa waje. Baƙon fuska ya shigo lungu, ya miƙe tsaye. Ko sallah yake yi, kunnensa na bakin ƙofa.

Hajja ta fara ciwon kai da jiri. Wata rana ta ce masa, "Ɗan nan, ɗakin nan ya yi mini nauyi. Ka mai da ni Zungur in sha iska."

Ya ce, "Haba Hajja, so kike a ce na kore ki? Tsufa ne kawai."

Kullum sai ya je kemis ɗin Uzoamaka, wata 'yar kudu da ke bakin layi, ya karɓo ƙwayar ciwon kai. Rannan ta riƙe maganin a hannunta ta ce, "Oga, wannan ciwo na Mama ba na magani ba ne. Hayaƙin gawayi ne, yana kashe mutum shiru. Ka buɗe taga, don Allah."

Ya ji, kuma ya tsorata. Har ya tsaya gaban bulon yana kallo. Amma in ya buɗe, ƙamshi ya fita. In ƙamshi ya fita, sai haraji. Ya ce bari damina ta wuce.

Wata Laraba bayan azahar, ana yayyafi, aka gaya masa ma'aikatan haraji na bin layi shago-shago. Ya sallami masu sha a gurguje. Ya ƙi zuba wa garwashi ruwa don kada tururi ya tona shi. Ya bar kurfoti cike da wuta, ya cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa, ya datse kwaɗo, ya koma rumfar mai shayi yana leƙe. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Sanyi kuwa ya sa Hajja ta rufe ƙofarta ta kishingiɗa.

Sai bayan la'asar ma'aikatan suka iso. Suka tsaya gaban shagon, ba su ji ƙamshin komai ba, suka wuce. Mutumin nan ya yi dariya, har ya ce alhamdu lillahi. Ya shiga gida da fara'arsa, ya yi sallama ƙofar Hajja sau uku. Ba a amsa ba.

An yi jana'izarta washegari da safe.

Ya 'yan uwa, na ji masu cewa haraji ne ya tura sana'ar nan cikin ɓoye. To, wa ya kira magini? Wa aka gaya wa gaskiya a bakin kemis ya ce sai bayan damina? Ya sayar wa 'ya'yan mutane abin da ke cin ƙirjinsu, bai damu ba. Ya guje wa doka, ya ga kansa mai wayo. Wallahi abin da ya fi ƙona mini rai, tsohuwar nan iska kawai ta roƙa.

Wanda ya fara cin riba da cutar da bayin Allah ba ya tsayawa a kan bare. Sannu a hankali cutar take shiga gida, yana gani, yana cewa gobe.

Yau 'yan uwansa sun yanke shi. Ba ya iya kwana ƙarƙashin rufi. In kun bi ta Inkil kuna iya ganinsa yana tafe a gefen titi, ba ya zuwa ko'ina.

Allah ya kiyaye mu da neman da zai ci iyayenmu. Allah ya sa mu ji gargaɗi tun yana da amfani, ya jiƙan Hajja. Amin.