Sarkin da Ya Hana Zance a Ƙofar Gida

An ce wani sarki, ranar Alhamis bakwai ga Rajab, bayan la'asar, ya bi ta wata unguwa, ya ga samari da 'yan mata suna zance a kan tabarma a ƙofar gida, tsofaffi na gefe suna ɓarar gyaɗa. Dariyarsu ta ba shi haushi. Ya sa aka yi shela cewa daga ranar babu sauran zance a garinsa.

Kafin shekara ta zagayo, masoya suka koma kangaye da gonakin dawa, abin kunya ya yawaita. Rannan dogarai suka kamo wani saurayi Tanimu da budurwarsa Dije a kango. Sarki ya ce a kore su daga gari.

Sai Malam Barmo, tsohon da ya koya wa rabin garin karatu, har da sarkin kansa, ya dogara sanda ya zo fada.

Ya ce, "Ya sarki, Allah ya ba ka nasara, fatawa na kawo. Matata ta shanya ɗanyen barkono, kaji suka dame ta, ta kwashe ta zuba a tulu ta rufe. Da ta buɗe, ya ruɓe. Bulala nawa zan yi wa barkonon?"

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Malam, tsufa ne? Ai ba barkono ya kai kansa tulu ba. Da ta zauna ta kori kajin."

Malam ya ce, "Madalla, ka ci wannan. To, ya sarki, a ƙofar gida in Tanimu ya matso taƙi ɗaya, kakar Dije ta yi gyaran murya, sai ya ja baya taƙi biyu. A kango wa zai yi gyaran murya? Yaran sun yi kuskure, iyayensu za su tsawata musu. Amma wa ya kai su can?"

Sarki ya ce, "Ni ne. A sake su. Waziri, a soke dokar."

Malam ya buga sanda. "Da saura. A bainar jama'a aka yi ɓarnar, a can za a yi gyaran. Ranar kasuwa ka tsaya da kanka, ba sanƙira ba, ka nemi gafarar mutanen garin nan."

Sarki ya ce, "Kai Malam, ba ka rangwame?"

"Ban taɓa yi wa ɗalibi ba, ranka ya daɗe."

Ranar kasuwa sarki ya je ya nema. Ya ƙara da cewa, adalci shi ne mai hukunci ya fara cire nasa rabon laifin kafin ya auna na wani.